Tambayoyi da Amsoshi: Me Binciken Masanan Ƙwayoyin Cuta Ya Tsinana wa Mai Ciwon Sanyi a Legas?

Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Legas. Da yake Hausawa ba su da yawa a sashenmu, duk wanda ya zo daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago bai iya Turanci ko Yarabanci sosai ba, ni ake turo wa in yi tafinta. Ta nan na sha tambayoyi a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, wasu a bakin ƙofar ɗakin gwaji cikin raɗa, wasu a majalisa bayan sallar isha'i, wasu kuma daga 'ya'yanmu da ke karatu a jami'a, waɗanda kullum suke jin ana cewa farfesa wane bincikensa ya yi tasiri amma ba a gaya musu da me aka auna ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan kira kowane abu da sunansa.

Shi wannan masanin ƙwayoyin cuta, likita ne ko malamin jami'a?

Yana iya zama kowanne, yana iya haɗa biyun. Akwai wanda ya fara da karatun likitanci sannan ya ƙware a fannin ƙwayoyin cuta, akwai kuma wanda bai taɓa duba maras lafiya ba, rayuwarsa duk a ɗakin gwaji take. Abin da ya haɗa su shi ne halittun da ido ba ya gani: bakteriya, bairos, da ƙananan halittu masu rayuwa a jikin mutum. Likita yana tambaya, me ke damun wannan mutumin? Shi mai bincike tambayarsa ita ce, wace ƙwaya ce ke yawo a wannan gari, kuma wane magani ne har yanzu yake kashe ta?

Me yake yi da hannunsa a ɗakin gwajin?

Bari in ɗauki ciwon sanyi, wanda likitoci ke kira gonoriya, don shi na fi sani. Idan namiji ya zo da mugunya tana fita daga gabansa, fitsari yana yi masa zafi, ana ɗiban mugunyar da ɗan tsinke mai auduga a shafa a kan gilashi, a rina ta da rinin da wani likitan Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884. In ka leƙa ta madubin ƙara girma za ka ga ƙwayoyin jajaye-jajaye, biyu-biyu suna fuskantar juna kamar goron da aka ɓare ba a raba ba, sun cunkushe a cikin ƙwayoyin mugunyar. Albert Neisser, wani Bajamushe, shi ya fara bayyana su a 1879, shi ya sa har yau ƙwayar ke ɗauke da sunansa.

Ganin ta ba shi ne wahalar ba, rainon ta ne. Ƙwaya ce mai saurin mutuwa da zarar ta bar jikin mutum: in ta bushe ta tafi, in ta ji sanyi ta tafi. Ana shuka ta a faranti mai ɗauke da abincin da aka haɗa da jinin da aka ɗan dafa har ya koma kalar cakulan, a sa farantin cikin tulun gilashi, a kunna kyandir a ciki a rufe, idan kyandir ya mutu to iskar da take so ta samu. Sai a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ta tsiro, a sake shuka ta a ɗora mata 'yan ƙananan takardu masu zagaye, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Washegari a zo da abin awo. Inda ƙwayar ta kauce ta bar fili kewaye da takardar, maganin yana aiki. Inda ta tsiro har gindin takardar, maganin ya zama ruwa.

Na taɓa zuwa da safe na tarar wuta ta ɗauke tun tsakar dare, janareta bai tashi ba, farantai na mako guda duk sun lalace. Mai binciken da nake taimaka wa ta tsaya ta dube su shiru, sannan ta ce mu koma mu roƙi mutanen su sake zuwa. Rabinsu ba su dawo ba. Duk takardar binciken da ka gani an buga daga ƙasar nan a kan wannan ƙwaya, akwai irin wannan safiya a bayanta.

Cututtukan nan suna da yawan da za a ce mutum ya ƙare rayuwarsa a kansu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa miliyan 374 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, daga cututtuka huɗu da ake iya warkarwa: tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, ciwon sanyi miliyan 82, tunjere kuma miliyan 7.1. Wato sama da miliyan ɗaya kullum. Ba a sa ƙanjamau a wannan lissafi ba, ba a sa ciwon hanta nau'in B ba, ba a sa bairos ɗin HPV mai jawo kansar bakin mahaifa ba. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau.

Idan an ce binciken wane ya yi tasiri, da me ake aunawa?

Wannan tambayar wata ɗiyar maƙwabcinmu ce ta yi mini ita, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta ce, "Kawu, malaminmu kullum sai ya ce mana ma'auninsa ya kai kaza. Ma'aunin me?"

Ga yadda abin yake. Mai bincike idan ya gama aiki sai ya rubuta shi ya aika wa mujallar ilimi. Mujallar ta ba wasu masana biyu ko uku a fannin su tankaɗe su rairaye, su ce a gyara nan, a sake wancan gwaji, ko su ce aikin bai kai ba. Idan ya tsallake aka buga, sai a jira a ga ko wasu masu bincike za su kafa hujja da shi a nasu rubutun. Duk lokacin da wani ya ambaci takardarka a matsayin madogara, an ƙirga maka ambato ɗaya. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya assasa wannan ƙidaya, ya fitar da kundinta a 1964, kuma daga wurinsa aka samu ma'aunin da ake jera mujallu da shi, wace ta fi wace.

A 2005 wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo abin da ake kira ma'aunin h. Idan an ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Hikimar ita ce, wanda ya zuba takardu ɗari ba mai waiwayar su ba zai samu babbar lamba ba, haka ma wanda ya yi sa'a da takarda guda ya kwanta. Google Scholar da Scopus, rumbunan takardun bincike a intanet waɗanda dukansu suka fara aiki a 2004, su ne ke yin wannan lissafi yanzu. Na farkon kyauta ne kuma yana kwaso kusan komai, shi ya sa lambarsa kan fi girma. Na biyun sai an biya, kuma mujallun da ya tantance kaɗai yake ƙirgawa. Jami'o'inmu suna duba waɗannan lambobi wajen ƙarin girma, masu ba da kuɗin bincike daga waje su ma suna dubawa.

To lambar ta isa a ce mutum ya yi aiki?

A ganina ba ta isa ba, kuma ba ni kaɗai ke faɗin haka ba. A 2012 wasu masana da editocin mujallu suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a daina auna darajar mai bincike da sunan mujallar da ya buga aikinsa.

Dalilaina na kusa da gida ne. Mai binciken da ya shekara biyu yana tara samfurin mugunya a Legas don ya gano wane magani ya daina aiki, takardarsa mai yiwuwa 'yan kaɗan ne za su ambace ta, domin mai bincike a Landan ko Boston bai damu da abin da ake sayarwa a kemis na Agege ba. Amma wannan takardar ita ce za ta iya sa a sauya ƙa'idar magani a asibitocin jiha. Wani kuma sunansa na cikin jerin marubuta ɗari biyu a wata babbar takarda ta duniya, an ambace ta sau dubbai, shi kuwa abin da ya yi bai wuce aika alƙaluma ba. Lambar na biyun za ta ninka ta na farkon. Akwai kuma masu ambaton kansu da kansu, da abokan da suka yi yarjejeniyar ka ambace ni in ambace ka, da mujallun bogi da ke buga komai in dai an biya. Har takardar da aka ambata don a ƙaryata ta, na'ura ambato take ƙirga mata.

Ni idan aka ce in auna mai bincike a wannan fanni, ina duba lambar, ba na raina ta, amma sai na ƙara da tambayoyi. Shin abin da ya gano ya shiga ƙa'idar da likita ke bi? Ɗalibai nawa ya yaye waɗanda yau suke riƙe da ɗakunan gwaji? Ɗakin gwajin da ya kafa yana nan bayan ya yi ritaya, ko ya tafi da shi? Waɗannan ba su fitowa a Google Scholar.

A ba mu misalin binciken da ya canja maganin da ake ba mutane.

Tarihin ciwon sanyi kansa shi ne misalin. A shekarun 1930 magungunan salfa ne ke warkar da shi, kafin shekaru goma ƙwayar ta fi ƙarfinsu. Fenisilin ya zo a shekarun 1940 ya zama kamar sha yanzu magani yanzu. Sai a 1976 masu bincike a Ingila da Amurka suka ci karo da ƙwayar ciwon sanyi da ke fitar da wani sinadari mai farfasa fenisilin. Da aka bi sawu, sai aka ga iri biyu ne: ɗaya daga gabashin Asiya, ɗaya daga nan Afirka ta Yamma, har ma ana kiran ɗan guntun gadon da ke ba ta wannan ƙarfi da sunan nau'in Afirka. Daga nan tetarasaikilin ya faɗi, sannan sifurofulokzasin, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire daga jerin maganin ciwon sanyi a 2007. Yau allurar seftiriyazon ce madogara, ita ma an samu ƙwayar da ta gagare ta a Japan a 2009, an kuma samu wani mutum a Ingila a 2018 wanda ƙwayarsa ta gagari magunguna biyun da ake haɗawa. Kowane mataki a wannan tarihi, wani ne ya zauna da faranti da abin awo ya ga filin da ke kewaye da takarda yana tsukewa shekara bayan shekara, ya rubuta ya sanar.

Misali na biyu daga Tanzaniya ne. A yankin Mwanza an gudanar da bincike, aka buga a 1995, wanda ya nuna cewa kyautata maganin waɗannan cututtuka a ƙananan asibitocin ƙauye ya rage sabbin kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 40 cikin ɗari, domin gyambo da kumburi a al'aura ƙofa ce ga ƙwayar. Bayan 'yan shekaru aka yi wani a Rakai ta Yuganda bai nuna irin wannan ragin ba, masana suka daɗe suna muhawara a kan dalili. Ina son wannan misali don ya nuna ilimin nan ba wahayi ba ne, ana gwadawa a sake gwadawa. Sannan a 2011 wani bincike da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa mai ɗauke da ƙanjamau idan ya fara shan magani da wuri, haɗarin ya sa wa abokin zamansa yana raguwa da kashi 96 cikin ɗari. Aure nawa wannan binciken ya ceto a unguwanninmu, Allah kaɗai ya sani.

Duk Turawa kake kira. Babu 'yan Najeriya a ciki?

Akwai su, kuma Legas na da babban kaso. A Ibadan, Farfesa A. O. Osoba ya yi suna tun shekarun 1970 da rubuce-rubucensa a kan waɗannan cututtuka a Najeriya da Afirka. A nan Idi-Araba, inda Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwa na LUTH suke, a tsakiyar unguwar da Hausawa suka cika, Farfesa Tolu Odugbemi masanin ƙwayoyin cuta ne da ya yi aiki a kan ƙwayar ciwon sanyi, daga baya ya shugabanci jami'ar daga 2007 zuwa 2010. Farfesa Folasade Ogunsola, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar a 2022, ita ma daga wannan fanni ta fito, kuma ta yi aiki a kan ƙanjamau da hana yaɗuwar cututtuka a asibiti. A Yaba kuma akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, wadda tushenta ke komawa ga aikin binciken shawara a shekarun 1920, kuma a yau tana cikin manyan wuraren gwaji da kula da masu ƙanjamau a ƙasar nan. Mutanenmu da yawa suna wucewa ta gaban waɗannan gine-gine kullum da baro ko a kan babur ba su san abin da ake yi a ciki ba.

Na sha kafso daga kemis, alamun sun tafi. Ina ruwana da wani bincike?

Wani mai sayar da tumatir ne a Mile 12 ya yi mini wannan tambaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ciro ƙullin leda daga aljihu ya kwance, kafso ja da rawaya guda huɗu, fari biyu, da wata ƙwaya da ko suna babu a jikinta. Ya ce, "Malam, duk sanda abin ya motsa waɗannan nake sha, kwana biyu ya lafa." Na ce, "Baba, sau nawa ya motsa a bana?" Ya yi shiru, ya ce sau uku. Na tambaye shi ko iyali sun sha magani. Ya ce ai su lafiyarsu ƙalau.

Abu biyu ne suka faru a nan. Na farko, maganin da bai kai adadi ba yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, su ne kuma za a ba wani. Haka ƙwaya ke koyon gagara. Na biyu, wadda ke gida tana iya ɗauke da cutar ba tare da ta ji komai ba, ya warke ya koma ya sake ɗauka. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, dole a yi wa kowa magani a lokaci guda.

Ruwanka da bincike shi ne wannan: a yawancin ƙananan asibitocinmu ba a yin gwajin shuka, likita ko ma'aikacin jinya yana duba alamu ne ya ba da maganin da ƙa'ida ta ce a bayar ga mai irin waɗannan alamu. Ƙa'idar kuwa ingancinta ya dogara ne ga binciken da ke bayanta. In binciken ya tsufa, maganin da za a rubuta maka ma ya tsufa.

Mene ne gaskiyar "staf" da ake tallata maganinsa a jikin gadoji da cikin motocin haya na danfo?

Wannan abu yana ci mini rai. Ƙwayar sitafilokokas, wadda ake taƙaitawa da staf, tana zaune a fata da cikin hancin kusan mutum ɗaya cikin uku masu cikakkiyar lafiya. Tana iya jawo maruru, tana iya ɓata rauni, a asibiti tana iya yin kisa idan ta shiga jini, amma ba ta cikin cututtukan da masana suka lissafa a matsayin na jima'i. Idan aka ɗebi samfuri ba a tsaftace ba, tsinken ya taɓa fata, za ta tsiro a faranti, a rubuta wa mutum takarda cewa yana da staf mai yawa. Daga nan sai ya faɗa hannun masu jarka, a ɗora wa staf ciwon baya, da rashin ƙarfi, da rashin haihuwa, da motsi a jiki. Ya ƙarar da kuɗinsa, ainihin cutar kuwa, in kilamidiya ce ko ciwon sanyi, tana nan tana ɓarna.

Haka ma abin da ake kira ciwon masai. Na riga na faɗa cewa ƙwayar ciwon sanyi da ƙyar muke rayar da ita a faranti da ɗumi da abinci, ina za ta rayu a kan dutsen masai? Sau da yawa ƙaiƙayi da farin ruwan da mata ke fama da shi daga wani naman gwari ne da ke zaune a jiki, ko rikicewar ƙwayoyin da ke gadin gaban mace, musamman in ana yawan cusa abubuwa da sunan gyara ko matsi. Waɗannan ba shaidar alfasha ba ce, kuma ya kamata mazaje su san haka kafin su ɗora wa mace zargi.

Me ya sa aka fi matsa wa mata da gwaji?

Domin a jikinsu cutar ta fi ɓuya kuma ta fi ɓarna. Namiji kan ji zafi cikin 'yan kwanaki. Mace tana iya ɗauke da kilamidiya ko ciwon sanyi wata da watanni shiru, ƙwayar ta hau ta toshe bututun da ƙwai ke bi, ƙarshe a wayi gari babu haihuwa ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Sai a ce iska ce, ko kishiya ce ta yi mata asiri.

Tunjere kuwa tana ratsa mahaifa ta kashe jariri a ciki ko a haife shi da cuta. Ƙwayarta, wadda masanan Jamus Schaudinn da Hoffmann suka gano a 1905, sai a 2018 masu bincike a Amurka suka iya rainon ta na dogon lokaci a ɗakin gwaji, amma ga wani ikon Allah: tun da aka fara yi mata magani da fenisilin a 1943, har yau yana kashe ta. Ɗigon jini a wurin awon ciki da allura mai araha sun isa su tsare jaririn. Ciwon sanyi kuma yana shiga idon jariri lokacin haihuwa har ya makantar, shi ya sa ake sa wa jarirai magani a ido.

Sai kansar bakin mahaifa. Harald zur Hausen na Jamus ya nace cewa bairos ne ke jawo ta a lokacin da yawancin masana ba su yarda ba, daga baya aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu na HPV, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan kansa. Daga aikinsa aka samu rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023, Legas da Kano suna cikin jihohin farko. Na kai 'yata, kuma na gaya wa duk wanda ya tambaye ni a masallacinmu cewa na kai ta.

Ba gwaji kawai suke yi da mu ba?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya. A fannin da muke magana ma akwai tabo: a Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan da aka san fenisilin na warkar da ita. Don haka tsoron yana da asali, ba zan ce wa kowa jahilci ne ba.

Abin da ya kamata ka sani shi ne haƙƙinka. Duk binciken da ya shafi mutane a Najeriya dole kwamitin ɗa'a ya amince da shi kafin a fara. Dole a bayyana maka abin da za a yi da harshen da kake ji, a gaya maka amfaninsa da haɗarinsa, ka sa hannu ko ka dangwala da yardarka. Kana da ikon ƙi, kana da ikon fita a tsakiya, kuma ba za a hana ka magani don ka ƙi ba. Sunanka ba ya shiga takardar da za a buga, lamba ake ba samfurinka. In aka miƙo maka takarda da Turanci aka ce sa hannu kawai, ka ce a kira mai fassara.

Ɗalibin da ke son shiga fannin, ta yaya zai gane malamin da ya dace ya bi?

Ya rubuta sunan malamin a Google Scholar da PubMed, rumbun takardun binciken lafiya, ya duba AJOL, rumbun mujallun Afirka, don aikin gida da yawa can yake. Kada ya tsaya a lambar da ke sama. Ya buɗe takardu uku ko huɗu ya karanta: a ina aka ɗebo samfurin, mutum nawa, sunan malamin na farko ne ko na ƙarshe ko yana ɓace a tsakiya, kuma akwai sunayen ɗalibansa a ciki? Sannan ya je ɗakin gwajin da ƙafarsa ya tambayi waɗanda ke ciki yaushe rabon da su shuka ƙwaya.

Hausawan Legas suna cikin waɗannan bincike kuwa?

A abin da na gani da idona, ba sosai ba. Yawancin samfurin ana samun sa ne daga waɗanda suka zo babban asibiti, mutanenmu kuwa kemis suka fi zuwa, ko mai magani a bakin kasuwa, ko su jira sai sun koma gida da damina. Direban tirela da ke tsakanin Apapa da Kano, da ɗan ci-rani da ke shekara bai ga iyalinsa ba, da matar da ba ta fita sai da izini kuma ba za ta yarda namiji ya duba ta ba, duk ba sa shiga lissafi. Takardun tambayoyi da Turanci ake rubuta su, wani lokaci a fassara zuwa Yarabanci ko Turancin buroka, Hausa kuwa sai in an yi sa'ar samun irina a kusa.

Na ga ranar da abin ya sauya a ƙaramin mataki. Wata mai bincike ta nemi in raka ta wurin wani sarkin Hausawa na unguwa kafin ta fara aiki. Muka cire takalma muka zauna a tabarma, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwa ce ta zo da alheri," na fassara abin da take so. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya biyu: wa zai duba matan, kuma wa zai ga sakamakon? Da ta ce mace ce za ta duba mata, sakamako kuma sai mai shi kaɗai, sai ya aika a kira limami da wata ungozoma. A makon da ya biyo baya mata suka zo da mayafansu suka cika bencin da ke gaban ɗakinmu, har muka aro kujeru daga sashen da ke kusa.